Kyandir ɗin da Ba a Kunna wa Mama Ba

Rediu, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Ilarie,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Aglaia da yara, ya kuma tsare ku daga sanyin Kanada da nake ji ana ba da labari. Mu nan da sauƙi. Ciwon bayan mijina Gherasim ya sake tashi tun da ya ɗauki gangunan inabi shi kaɗai, na yi magana ya ce in bar shi, to na bar shi da bayansa. Mun cire kabeji, mun kwashe masara, dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a kan tudu ranar Lahadi. Karen Mama har yau yana kwana a bakin ƙofarta. Na ja shi zuwa gidanmu sau uku, da na saki igiya sai ya koma.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali kullum muna waya. Dalili shi ne akwai maganar da bakina ya kasa faɗa, kuma saura kwana tara a yi addu'ar arba'in, ba na so in tsaya a coci da ita a cikina. Ranar da Mama ta rasu ka tambaye ni abu biyu, ko ta sha wuya, da kuma ko an riƙa mata kyandir. Na ce maka ba ta sha wuya ba, wannan gaskiya ne. Na ce maka an riƙa mata, wannan ƙarya na yi maka, Ilarie. Mahaifiyarmu ta tafi babu haske a hannunta.

Ka san abin da wannan yake nufi a gidanmu ba sai na tuna maka ba. Kana da shekara goma sha huɗu lokacin da itace ya danne Baba a daji, shi kaɗai, babu wanda zai kunna masa ko ashana. Shekara talatin da ɗaya Mama ta yi tana raba kyandir sadaka a ƙofar coci saboda shi, tana cewa Baba yana can yana lalube cikin duhu bai ga hanya ba. Nata kuwa da hannunta ta murza shi, da kakin zumar ƙarshe da aka samu daga amyoyin Baba. Ta kai shi coci ranar Ista ya ɗauki wuta sau ɗaya, ta kashe, ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a akwati tare da kayan da za a binne ta da su. Duk lokacin da muka ɓata mata rai sai ta ce ba ta neman komai wurinmu, kada mu gina mata kabari mai dutse, kada mu yanka mata ko kaza, amma wanda ya bari ta mutu ba kyandir kada ya zo kanta yana kukan munafurci.

Da likita ya ce ciwon huhun ya wuce magani, sai dai a nemi gidan jinya inda ake kula da waɗanda ajalinsu ya ƙarato, ka aiko mini da tambayoyi ashirin da bakwai da ka samo a can. Na yi maka tsiya, na ce ko miji zan zaɓa ban yi wa Gherasim tambaya uku ba, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Gida uku na duba. Na farko tun daga bakin ƙofa zarnin fitsari ya amsa mini duk tambayoyin, ban ko zauna ba. A na biyu na yi kamar na ɓata hanya na shiga wani ɗaki, na danna ƙararrawar gefen gadon wani tsoho, na tsaya ina kallon agogo. Minti goma sha ɗaya ba wanda ya leƙo. Na uku shi ne wanda ke bayan gari kusa da tsohuwar tashar jirgi. Nas ɗaya ga mutum huɗu, ana juya marar lafiya duk bayan awa biyu, maganin zafi ba ya makara, iyali su shiga lokacin da suka ga dama. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina dafa wa 'yan makaranta abinci, har kicin na shiga na shafa yatsa a bayan murhu, ban samu maiƙo ba. Na fito ina jin kaina kamar wata alƙaliya. Ban tambayi maganar wuta ba, domin ba ta cikin takardarka, kuma ba ta zo mini a rai ba.

Mama ce ta tambaya, ranar da muka kai ta, tun ba ta cire mayafi ba. Shugaban gidan, mutum mai ladabi ƙwarai, ya durƙusa gaban kekenta ya yi mata bayani cewa ana ba ta iskar oksijin ta hanci, maƙwabciyar gadonta ma haka, kuma wannan iska da wuta ba sa ga maciji, ƙyastawa ɗaya sai ɗakin ya tashi. Ya ce amma sun tanadi wani abu, ya miƙo mata kyandir na roba mai batir, da ɗan harshe ja yana rawa. Mama ta juya shi ta duba gindinsa, ta ce masa ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma ita ba bikin haihuwa ta zo ba, kuma in ta isa can aka tambaye ta ina haskenta, ba za ta ce a dakata a canja batir ba. Maƙwabciyar tata, Tanti Zamfira, wata tsohuwar mai sayar da tikiti a bas da bakinta ba ya hutawa, ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce wa Mama ke Profira karɓi abinki, mazan yanzu ma duk masu batir ne, kuma haka nan ake haƙuri da su.

A ranar na so in mayar da ita gida. Na zauna a baranda na auna. A gida akwai kyandir, amma babu iska, babu allurar da ke kwantar mata da zafi, kuma ka ji da kunnenka a waya irin ihun da take yi a makon ƙarshe kafin mu kai ta. Ina cikin wannan sai babbar nas ɗinsu, Smaranda, ta zo ta zauna kusa da ni. 'Yar ƙauye ce irinmu, daga bayan kogi. Ta ce in kwantar da hankalina, ta yi wa tsofaffi da yawa. In lokaci ya yi, ta san alamarsa, za ta rufe iskar, ta turo gadon nan baranda, ta kunna, ta riƙe hannun Mama da nata. Ta ce kawai mu sa kyandir da ashana a ƙarƙashin matashin kai, kada mu yi surutu, shugaba ya san ana yi amma ba ya son ya sani. Da na gaya wa Mama sai ta kama hannun Smaranda ta sumbata. A kan wannan alkawari na bar ta a gidan.

Kuma gaskiya sai an faɗe ta, sun kula da ita yadda ni ban iya ba. Mako biyar ta yi, babu gyambon kwanciya ko ɗaya a jikinta. Sun wanke mata kai, sun yanke mata farce, sun gane ba ta son miya da zafi sosai. Har ƙiba ta ɗan yi a kumatu. Kullum na je sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta taɓa ƙyallen, ta ce yana nan, sannan mu gaisa.

Ranar Alhamis ɗin da za ta rasu, ta tashi da ƙarfi kamar ba ita ba. Ta zauna, ta yi wa Tanti Zamfira gorin munshari, ta ce ita abincin asibiti ya ishe ta, tuwon masara take so da cuku, kuma a tukunyarta ta ƙarfe, ba a tukunyata da ke ƙona gindi ba. Ni da na ga mutuwar kakarmu da ta surukata, na san irin wannan sauƙi na bankwana, amma zuciya ta rufe mini ido. Murna na yi. Na hau bas na sha ɗaya na safe na tafi ƙauye in tuƙa mata.

Abin da ban sani ba shi ne a wannan ranar ce masu duba gidajen jinya daga babban birni za su zo. Bayan fitata aka bi ɗaki ɗaki ana gyara, aka canja zannuwa da rigunan matashi, aka samu kyandir da ashana kusa da bututun iska. Shugaba ya ce in baƙin nan suka gani za su iya rufe gidan, mutum ashirin da biyu su rasa wurin kwanciya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ba Mama haƙuri, ya ce awa uku kacal, ya kulle a durowar ofishinsa ya sa makulli a aljihu. Tanti Zamfira ta ce Mama ba ta yi gardama ba, ta dai bi ƙyallen da ido har aka fita da shi.

Wajen ƙarfe biyu da rabi numfashinta ya canja. Smaranda ta gani ta gane. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ji wayam, sai a lokacin aka gaya mata. Ta ruga ofis, a kulle. Ta ruga ɗaya ginin inda shugaba yake nuna wa baƙi ɗakin wanki, ta ƙwace makullin a gabansu ba ta ko gaishe su ba. Ta ce mini minti shida ta yi, ta ƙirga su sau dubu tun daga ranar. Da ta dawo an gama. Tanti Zamfira ce ta jawo jikinta zuwa bakin gado, ta ga Mama tana buɗe hannu tana rufewa, ta rasa abin yi, ta ɗauki na robar nan ta kunna ta danƙa mata. Ta ce Mama ta dube shi, ta gane shi sarai, ta saki. Ya faɗi ƙasa yana ta rawarsa a ƙarƙashin gado. Ni kuwa na iso ƙarfe huɗu da tukunya naɗe cikin tawul, tuwon da sauran zafinsa.

Na nemi wanda zan zaga, Ilarie, ka san ni ba na rasa baki, amma ban samu ba. Smaranda ta durƙusa a gabana tana kuka ta ce in mare ta. Shugaba ya zo jana'iza ya tsaya a baya da hula a hannu. Baƙin sun yi aikinsu, na ji ma gidan ya samu maki mafi girma a duk yankin. Limamin cocinmu, Fada Nichifor, ya ce mini Ubangiji da ya yi rana ba ya jiran ashanar kowa, zai kuma yi mata addu'ar da ake yi wa waɗanda suka tafi ba haske. Na ce amin. Amma ita Mama ba haka ta gaskata ba, kuma da abin da ta gaskata ta mutu. Minti shida ta yi tana sane cewa abu ɗaya tak da ta roƙa ba za ta samu ba, kuma 'yarta tana can tana tuƙa tuwo. Wannan ne yake cina, ba na jin zai bar ni. An ce da na sani ƙeya ce, to ni tawa ta dawo gaba, ita nake gani duk inda na juya.

Shekaranjiya suka aiko mini da takarda in auna kulawar da aka yi wa mahaifiyarmu, daga ɗaya zuwa biyar. Da na buɗe sai na ga kusan tambayoyinka ne. Tsabta, abinci, maganin zafi, ladabin ma'aikata, ko an saurari iyali, ko zan ba wani shawara ya kawo nasa. Na sa biyar a ko'ina, domin gaskiya ce, kuma in wani ya tambaye ni gobe can zan tura shi. A ƙasa akwai layi biyu don ƙarin bayani. Na riƙe biro har shayina ya huce, na bar su fari.

Ba na ɗora maka laifi. Kai ka rubuta abin da ka sani daga nesa, ni da nake kusa ni ya kamata in ƙara ta ashirin da takwas. Ina dai so ka yafe mini ƙaryar, kuma ranar arba'in ka nemi coci a can ka kunna mata, na gaske, ko da sai ka yi tafiyar awa biyu. Yanzu mutum biyu muke da su a duhu, ita da Baba, kuma babu Mama da za ta tsaya ƙofar coci dominsu.

Kyandir ɗin yana wurina. Mata sun ce a binne ta da shi, na ƙi, ban ga amfanin ba ta shi bayan an gama ba. Na sake naɗe shi a ƙyallensa na sa a akwatina. Shekarata hamsin da tara, Gherasim ya girme ni kuma hannunsa rawa yake yi, 'yata Miruna tana Italiya tana juya tsofaffin wasu. In ka ji an ce na kwanta, kada ka aiko mini da tambayoyi. Ka hau jirgi ka zo da ashana a aljihunka, ka zauna, kuma ko tuwo na roƙe ka kada ka tashi.

Ka gaida Aglaia, ka ce na gode da maganin gwiwa. Ka gaida Tudose da ƙaramar Profira, ka gaya mata kakarta ta bar mata 'yan kunnen azurfa. Gherasim yana gaishe ku, haka ma Kawu Vasian, wanda ke tambaya ko har yanzu kana tsoron agwagwa. Allah ya jiƙan Mama da Baba, ya haska musu hanyar da muka kasa haska musu.

Yayarka da ke jiran amsarka,
Veturia