Na Wanke Wa Sojanka Takalma

Lyuben,

Na fita, zan kama motar ƙarfe bakwai. Ka sha shayinka tukuna kafin ka leƙa kan tebur.

Ɗazu ina goge ƙura na ga ɗan sojan robar da za ka kai baje koli ranar Asabar. Takalmansa duk taɓo, har gwiwar wando. Na ce haba, a haka zai shiga cikin jama'a? Na ɗauko tsohon burushin haƙori da ruwan ɗumi na wanke shi tas. Sai da na gama na lura da hoton da ka jingina a bayansa, na marigayi Baba Stoyan lokacin yana soja, shi ma takalmansa duk taɓo. A nan na gane ashe taɓon nan fenti ne, shi ka yi sati biyu kana ɗigawa da tsinke.

Ka yi haƙuri. Yi faɗanka yanzu da ba na nan, kafin na dawo ka huce. Na bar maka banitsa, burodin cukun nan, a tanda, da ɗuminta.

Kada ka sake haɗa wani fenti. Ƙauye na nufa, zan ɗebo maka ƙasa daga lambun Baba, inda shi kansa ya taka.

Fuskar kuwa ka fito da ita, har gashin bakin. Da zan mayar da sojan wurinsa, ban san lokacin da na ce "Sannu, Baba" ba.

Taka,
Tsveta