Ɗakin da na gina wa mahaifiyata ba shi da tagar tsira

Anti Maxine,

Ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat. Shekara goma sha huɗu ina aikin duba gine-gine a wani kamfani da ƙananan garuruwan arewacin jihar Michigan ta Amurka ke ɗauka, tunda ba su da nasu ma'aikacin. Garinmu ma yana ciki. An san ni da tsanani, har alfahari nake yi.

Makon jiya na shiga gidan wani dattijo, Lorne Pekkala. Na tarar ya sa wa jikokinsa gadaje a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin ɗumama gida, babu tagar da mutum zai fita in gobara ta tare matakala. Na manna masa jar takarda ta karya dokar gini, na kuma ɗora da wa'azi. Har na tambaye shi ko zai iya haɗa ido da uwar yaran in wani abu ya faru. Ya sunkuyar da kai, ya ce ina da gaskiya, wai uwar da ta haife ni ta yi dace.

Anti, uwar tawa a irin wannan ɗaki take kwana. Da babanmu ya rasu na ɗauko ta, na tsara mata ɗaki a ƙasa da hannuna, ban nemi izinin gini ba. Na ce in ƙanƙara ta narke zan yanka taga. Ta narke sau shida. Shekarunta saba'in da tara, matakala ɗaya-ɗaya take hawa saboda gwiwa. A coci kuma tana faɗa wa ƙawayenta ɗakinta ya fi na kowa bin doka, ai ɗanta ne mai duba gini.

In na nemi izini yanzu, abokiyar aikina Noreen za a turo, wadda ni na koya mata riƙe igiyar awo. Ina iya rasa aikina ma. Ko in yanka tagar a ɓoye?

Mai Jar Takarda

Ɗana Mai Jar Takarda,

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na Pekkala. Amma takardar da ka manna masa daidai ce, kada kunya ta sa ka janye ta. Wa'azin ne ya yi yawa. Ɗauko mahaifiyarka ma alheri ne, ban raina shi ba.

Sai dai na lura wasiƙarka ta ƙare a kan Noreen da aikinka. Ni tsohuwar ce ta tsaya min a rai. Yau ɗin nan ka hau da gadonta sama, kai da iyalinka ku matsa, ko da falo ne. Kada kowa ya sake kwana a ƙasan.

Batun yanka taga a ɓoye, ka bar shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka sami shugabanka ka faɗa masa da bakinka, ka cike takardar izini kamar kowa, ka roƙi a turo wani daga waje don kada a sa Noreen a tsaka mai wuya. Za a iya hukunta ka, ba zan ɓoye maka ba, amma wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kama samun sassauci.

Ka kuma gaya wa mahaifiyarka gaskiya. Za ta yi faɗa, ka tsaya ka sha. Aiki in ya tafi ana samun wani, ita kuwa guda ɗaya gare ka.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Anti Maxine