Lambar Jannatu Ta Ƙi Rabuwa

Anti Karima, ki taimake ni, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni ɗan Kuyello ne, allo kaɗai na yi, amma na iya lissafi, kuma kowa ya san ni da tsokana. Abokina Muttaka zai auri Jannatu bayan girbin masara. Ranar nan muna zaune a zaurensu yana ta yabonta har ya ishe ni, sai na karɓi wayarsa na ce bari in duba lambarta. Na raba ta da biyu, saura ɗaya. Uku, ta ƙi. Biyar da bakwai ma haka. Sai na haɗe rai na ce mai irin wannan lamba ba ta raba komai da kowa, ko gishiri uwar miji ba za ta gani ba.

Ashe innarsa tana bayan zana tana ji!

Yanzu ta ce a dakatar da kai lefe. Na je na durƙusa na rantse mata wasa ne, ta ce yau ne kaɗai na taɓa faɗin gaskiya, tsoro ne ya sa nake janyewa. Ni da kullum ake cewa ƙarya nake! Muttaka ya daina amsa sallamata. Jannatu kuwa cewa ta yi za ta bi hanyar daji zuwa Birnin Gwari ta canza layi, kin kuwa san haɗarin hanyar nan. Haushi kamar in fasa wayar. Yaya zan yi?

Mai Tsokanar Kuyello

Ɗana, wasanka ya yi tsada, amma bai kai ga kashe aure ba.

Lissafinka ma bai cika ba. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, amma gwaji huɗu bai isa a ce lamba mai tsawon ta waya tana cikinsu ba. Sai an gwada dubbai. Wataƙila sha uku ta raba ta tsaf. Ko ma ba ta rabu ba, kamfani ne ya bayar da ita, bai san halin kowa ba.

Kada ka ga laifin Inna da yawa. Uwa ce mai fargabar rasa kulawar ɗanta, kai kuma ka yi magana da bakin mai allo, shi ya sa ta ɗauka.

Fara zuwa wurin Jannatu, ka ba ta haƙuri, ka hana ta tafiyar nan. Sannan ka roƙi malamin da ya karantar da kai ya raka ka gidan su Muttaka. Shi zai gaya wa Inna duba da lamba ba ya cikin abin da ya koya maka, kuma shi ba za ta ce tsoro yake ji ba. Kai dai ka zauna ka yi shiru, ko da wata tsokanar ta zo maka.

Allah ya daidaita ku, ya kai mu bikin lafiya.