Linzamin Habu

Daren Laraba, Rajab, 1289

Barci ya ƙi zuwa. Gobe autana Habu zai hau goɗiyar marigayi babansa zuwa Guri, ga fadama ta cika. Da la'asar na lura yatsunsa ba sa zagaye igiyar linzamin. Ya ja, goɗiya ko gezau. Na kai wa Sale baduku ya zare sili ɗaya daga igiyar.

Ya ce, "Malama, yanzu za ta riƙu, amma ƙarfinta ya ragu. Kada ya fizga cikin ruwa."

Na nanata wa yaron. Dariya ya yi: "Inna, ai yanzu goɗiyar tana jin magana!"

Na tofa addu'a a igiyar. Goɗiyar nan kuwa ban taɓa ganin ta ƙetare ruwa ba sai da fizga.