Ki Kallo Mini Ƙarshen Fim Ɗin

Berlin ta Gabas,
9 ga Oktoba, 1961

Yaya Irmgard,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Bremen. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu ma da sauƙi, ga dankali ga kabeji. Baƙon da ya zo daga wajenku zan ba wasiƙar nan, don ta gidan waya sai an buɗe.

Maganar ɗana Ekkehard ce ta hana ni sukuni. Tun da aka ja waya mai ƙaya aka raba garin nan gida biyu a watan Agusta, ya rasa aikinsa na haska fim a silimar da ke Berlin ta Yamma, ya kuma rasa ganin Lieselotte, yarinyar da ke sayar da tikiti a can. Fim na ƙarshe da ya haska na soyayya ne, wanda saurayi ya faɗa kogi don ya iske budurwarsa a ɗaya gaɓar. Sau arba'in ya haska shi, abin ya zauna masa a kai. Yanzu kullum da asuba yana tafki yana iyo cikin wannan sanyin. Shekaranjiya na tarar gwangwanin kitsena ya yi rabi, ya ce wai takalmi ya shafa wa. Ni da na haife shi zai yi wa wannan? Kitsen jikinsa yake shafawa saboda sanyin ruwa, kuma kin san masu bindiga ne a bakin kogin Spree da ya raba mu da Yamma.

Na tambaye shi yadda fim ɗin ya ƙare, ya yi dariya ya ce bai taɓa gani ba. Wai da saurayin ya faɗa ruwa yake bar wa abokin aikinsa na'urar, ya sauka ya raka Lieselotte tashar jirgi. Yaya, tsoro nake ji. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce tsufa ne ke damuna. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na ga yaron nan shiri yake yi.

Na ji ana nuna fim ɗin a wajenku. Don Allah ki je ki zauna har ƙarshe, ki rubuto masa da hannunki, tunda ya san ba kya ƙarya. In saurayin ya nutse, ki faɗa masa. In ya kai gaɓa, Yaya, ki ce ya nutse.

Ki gaishe mini da maigidanki Wilfried, da 'yarki Traudel da jaririnta.

Taki ƙanwa,
Hedwig