Tagar da Ba Ka Huda Ba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Garba direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na rubuto ne saboda na taɓa ginin da ka bari, kuma tun ina yaro ban iya ɓoye maka ɓarnata ba.

Garejinka na bakin hanya a Rogo Sabon Gari yana nan, da ɗakin ajiyar gyaɗa da ka ɗora a samansa. Bayan rasuwarka an sayar da babbar motar. Yaya Musa ne ke ajiye tasa a ƙasa, sama kuwa jemagu suka gaje shi. Cikin gida ya cika, ka san yadda muke da albarkar 'ya'ya. Da aiki ya dawo da ni daga Karaye, ni da matata Zulai, wadda ba ka rayu ka gani ba, sai 'yan'uwa suka ce ga saman gareji nan. Tunda ni ne mai zana wa mutane gidaje, in nuna musu abin da na karanto.

Baba, na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Taku goma sha biyu ne a tsawo, takwas a faɗi, kuma a ciki nake son falo da ɗakin kwana da kicin da banɗaki. Matakala na fitar da ita ta waje, don kada Zulai ta riƙa ratsa warin man mota kafin ta kai ɗakinta. Ramin da kuke zuro buhuna ta cikinsa na sa an toshe shi da kankare. Na raba wurin da bango wanda bai kai rufi ba, na ajiye ƙofa inda baƙo zai zauna ya sha ruwa ya tashi bai hango gado ba. Banɗaki kuwa sau uku ina juya shi a takarda kafin na samu mazaunin da bai fuskanci alƙibla ba, bai kuma ba ta baya ba. Kafinta ya yi mana gado mai aljihuna a ƙasa, shi ne ya zama durowar kaya. Fili ɗaya na hana kowa taɓawa, wanda zai ɗauki dadduma biyu.

Duk wanda ya hau sai ya ce ashe wurin yana da girma haka. Ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake yi.

Abin da ya rage shi ne zafi. Taga ɗaya ka yi wa ɗakin, ta gefen titi, kuma a makaranta an koya mana iska tana son ta shiga ta nan ta fita ta can. Sai na zana babbar taga a bangon gabas, bangon da ka bari a shafe tun daga ƙasa har rufi. Malam Audu magini, wanda ya yi maka ginin tun farko, ya dubi takardar ya dubi bangon, ya ce, "Injiniya, nan fa Alhaji bai huda ba." Na ce masa ai Alhaji gyaɗa ya gina wa ɗakin, ni mutane nake gina wa. Har dariya na yi. Sai ya ɗauki guduma.

Tagar ta yi kyau, Baba. Iska ta shigo har tana ɗaga takardun da ke hannuna. Daga nan kana hango gonakin dawa har hanyar Gwangwan, garin su Zulai. Na ce ga kyautar da zan yi mata.

A ƙarƙashin tagar kuma akwai tsakar gidan makwabcinka, marigayi Malam Sani. Matarsa Inna Talatu tana raye, ita da ta goya ni shekarar da Umma ta yi doguwar jinya. Wata safiya ana fenti na leƙa, sai na gan ta a kan tabarma cikin hantsi, ta miƙe ƙafafu tana shafa wa gwiwoyinta mai. Ba ɗankwali a kanta, furfura fari fat. Wallahi daɗi na ji da na gan ta, saura kaɗan in ɗaga murya in gaishe ta. Ta ɗago kai muka haɗa ido, sai na ga hannunta ya tafi kanta da sauri. Ko a lokacin ban gane ba. Na ɗauka rana ce ta dame ta.

Daga ranar ban sake ganin tabarmar ba. Surukanta biyu idan za su je madafi sai su sa hijabi har ƙasa, su wuce da sauri kamar masu ratsa kasuwa, a cikin gidan aurensu. Igiyar shanya ta koma bayan ɗaki. Babu wanda ya ce min uffan. Babban ɗanta ma a masallaci hannu ya ba ni, ya ce gini ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Ni kuma na karɓi yabon na sa a aljihu.

Zulai ce ta buɗe min ido ranar da na kawo ta ganin ɗakin. Ta tsaya a tagar tana murna, tana nuna min wajen gonar babanta. Sai ta kalli ƙasa, ta ja da baya, ta gyara mayafinta. Ta ce, "Da ni ce a gidan can, da na daina fitowa tsakar gida." Kunyar da ta kama ni ranar ban taɓa jin irinta ba.

A nan ka faɗo min a rai. Duk ranar da za ka hau saman lodin babbar motar ka ɗaure igiya, sai ka fara zuwa jikin katangar Malam Sani ka tafa hannu ka ce, "Masu gida, a gafarce mu, za a hau sama!" Ba ka taka taya sai an amsa daga ciki. Mu yara muna kwaikwayonka muna dariya, don a ganinmu hawan minti biyar bai kai a yi masa shela ba. Ni ga shi na hau, na huda bango, ina shirin tarewa da iyali na shekara da shekaru, ban yi wa kowa sallama ba.

Na so in yi wa kaina wayo. Na ce labule mai kauri zai isa, ko gilashin da ba a gani ta cikinsa. Amma wanda ke ƙasa bai san lokacin da aka ɗaga labule ba, kuma gilashi buɗe shi ake yi. Muddin ramin yana nan, matan gidan can ba za su sake cire ɗankwali a ƙofar ɗakinsu ba.

Na je na durƙusa gaban Inna Talatu a ɗakinta, na ce na zo neman gafara a kan tagar. Ta ce, "Wace taga, ɗan nan?" Ta shiga tambayata Zulai, da ranar tarewa, da ko an sa mana ruwa a sama. Da ta zo tashi ta kawo min gyaɗa sai da ta dafa bango. Na tambaye ta ƙafar, ta ce, "Da sauƙi. Kwana biyu ne ban samu rana ba." Baba, kwana biyun nan mako uku ne, na ƙirga. Gara a ce zagina ta yi.

Washegari na kira Malam Audu. Bai tuna min da maganarsa ba, ni ma ban iya kallon idonsa ba. Ya jera bulo har ya wuce tsayin kaina, muka bar layi ɗaya na bulo mai huda a can kusa da rufi, inda iska za ta wuce amma ido ba zai kai ba.

Mun tare yanzu. Ɗakin ya ƙara duhu, da bazara kuma fanka ce ke cetonmu. Zulai ba ta ɓoye min cewa tana kewar gonakin ba, ko da yake sau ɗaya ta gan su daga nan. Masu zuwa suna yaba gadon da matakalar, wasu su ce da an yi taga a nan da ya fi. Sai in ce haka ne.

Kullum da hantsi, kafin in fita aiki, nakan tsaya a jikin bangon nan. Ina so in san ko Inna ta dawo kan tabarmarta, ko gwiwar ta samu rana. Ba na iya gani. Ba na kuma iya tambaya, don tambayar za ta nuna mata har yanzu hankalina yana tsakar gidanta. Haka nake sauka in tafi ban sani ba, kuma na san haka ya kamata.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya yalwata makwancinka. Yadda ka suturta makwabtanka, Allah ya suturta ka ranar da kowa ke neman sutura. Ya ba Inna Talatu lafiya, ni kuma ya yafe min mako ukun nan. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Sabi'u