Gashin da Yaya Rahamatu ta Ƙulle a Bakin Zane

Tanti Mariyama, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da ba zai gyaru ba.

Ni 'yar Tarka ce, aure ya kawo ni Tanut. Gashin kakata na ɗauko, Bafillata ce: mai laushi, mai nannaɗewa, ko an taje shi sai ya koma ya murɗe. Tun muna lakwal, wato firamare, yara ke kirana mai kan ɗan rago. Da na shiga kolej na fara sa defrizan, man nan mai miƙar da gashi, har yau ban daina ba. Maigidana ma bai taɓa ganin kaina yadda Allah ya yi shi ba.

Mai yi mini kitso ɗiyar gwaggona ce, Yaya Rahamatu, ita ma nan take aure. Ita ta goye ni ina jaririya. To tun bara gashina ke zuba, gaban goshi duk ya cinye, ko a ɗaki ba na cire kallabi. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya, wai in bar defrizan, ta datse wanda ya mutu, murɗaɗɗen ya fito, wai ya fi kyau. Abin da na sha kuka a kansa! Ita da nata bai kai tsawon yatsa ba, me ya sa take son ganin nawa a datse?

Kin san al'adarmu. In an gama tsifa da taza, makitsiya ta dunƙule gashin da ya fita ta damƙa miki, ki binne ko ki cusa a tsagar katanga, kada ya faɗa mugun hannu. Haka take mini shekara da shekaru. Amma ran Juma'a ina duƙe, madubina na jingine da turmi, a cikinsa da idona na ga ta tsakuro ɗan kaɗan ta miƙo mini, sauran ta ƙulle a bakin zanenta. Na tambaye ta, ta ce ba komai, ta kama zancen zafin rana.

Maƙwabciyata Nafisa ta ce ba a ɓoye gashin mutum don alheri, ta san wani malami a Gangara da zai duba mini. Ina son in faɗa wa Innata, amma in ta ji, gidanmu da gidan gwaggo sun rabu ke nan har abada. Ina ƙaunar Yaya, kuma ina tsoronta. Yaya zan yi?

Jikar Bafillata, Tanut

Ƙanwata,

Ajiye zancen Gangara tukuna, kada kuma ki kira Inna.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya. Gashinki naki ne, bai kamata Rahamatu ta riƙe ko sili ɗaya ba da saninki ba, kuma da kika tambaya ya kamata ta ba ki amsa. Amma ki duba. Shekara da shekaru kanki na kan cinyarta kina kallon ƙasa. Da sammu take nufi, da tuni ta kwashi abin da take so ba ki sani ba. Kuma mai son gashinki ya ƙare ba za ta hana ki defrizan ba, ƙaro miki za ta yi.

Ban san zuciyarta ba, amma na san makitsa. Idan gashi ya cika musu tafi har ya tsorata su, wasu sukan rage kafin su miƙa wa mai shi. Zatona abin da ta ɓoye miki shi ne yawansa.

Abin da ke cin goshinki kuwa kin faɗe shi da bakinki: defrizan tun kolej, ga kitso a kan gashin da ya raunana. Ki daina. Ki riƙa wanke kai da karkashi, ki shafa man kaɗe ko man aduwa yana da danshi. Murɗaɗɗen gashi ba a taje shi a bushe, yatsu da mataji mai manyan haƙora suka dace da shi. Kitso ya zama manya, sako-sako. In zubar ba ta tsaya ba ki je asibiti a duba jininki. Maigidanki kuma ki cire kallabin ki nuna masa. Yaran lakwal sun girma sun manta, ke kaɗai kika rage kina hukunta kanki.

Sannan ki je wurin Rahamatu ke kaɗai, ban da Nafisa. Ki ce kin gani, ki ce kin tsorata, ki tambaye ta inda ta kai shi. In ta yi kame-kame, sake makitsiya ba tare da tashin hankali ba. In kuwa ta nuna miki inda ta binne, ki roƙe ta gafara, ki miƙa mata almakashi.

Allah ya bar zumunci, ya sa ki ga kakarki a madubi ki yi murna.

Tanti Mariyama